Fedar Hagu Ba Ta Kwancewa Ta Hagu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar wata makarantar sakandare a Tambuwal da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san yadda kekuna ke kwararowa. Wani daga cikin gari, wani daga ƙauyen da sai ya kamo hanya tun bayan sallar asuba, wani kuma ya goyo ƙanensa a kariya, jakar littattafai na reto a wuya. Mu da muka tsaya kallo ba fuskoki muka duba ba, ƙafafu muka duba. A jerin nan ba za ka rasa mai taka tsurar ƙarfe ba, robar fedar ta daɗe da zubewa, sandar tsakiya kaɗai ta rage, har tana ƙyalli saboda guga. Ba za ka rasa wanda fedarsa ta karkace ba, tana rawa kamar haƙorin da ke shirin fita. Ga kuma mai kukan nan, ƙii, ƙii, wanda za ka ji shi tun kafin ka hango mai keken.

Haka abin yake a Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, haka yake a Kebbe da Kuci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya fi ƙarfin aljihun iyaye da yawa, keke kuwa martabarsa ta dawo. To amma in ka lura, ɗalibi zai kula da iskar taya, ya kula da birki, ya goge sirdi, ya manta da wurin da duk ƙarfinsa ke bi ya shiga keken. Ranar da feda ta cire a tsakiyar hanya, a rairayi, saura minti ashirin a rufe ƙofa, ranar ce ake sanin darajarta. In ranar jarrabawar WAEC ce ko NECO, to ba maganar shara ko bulala ake yi ba, maganar shekara guda ce.

Kekunan da suka fi jan hankalin matasa yanzu su ne masu giya, masu faɗin taya, waɗanda asalinsu don hawan duwatsu da ratsa daji aka ƙera su. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara su a shekarun 1970. Sun dace da hanyoyinmu, don kuwa ba su tsoron rairayin rani, ba su tsoron taɓon damina. Da yawansu na gwanjo ne daga ƙasashen Turai. Kafin a loda su a kwantena akan cire fedoji a karya kan keken gefe don a sami wuri, saboda haka fedar da ka tarar a jikin wanda ka saya ba lallai ce tasa ta asali ba, kuma ba ka san hannun da ya ɗaura ta ba.

Wani lokaci ma za ka tarar da wata 'yar dunƙulalliyar feda wadda ba ta da wurin ɗora ƙafa. Ba lalacewa ta yi ba. Ita wannan takalmi na musamman gare ta, mai ƙarfe a ƙasa, wanda ke maƙalewa a jikinta. Kamfanin Shimano na Japan ya fito da irinta don kekunan duwatsu a 1990. Ga mai silifa ko sandal ɗin makaranta ba ta da wani amfani sai zamewa. Cire ta ka sa shimfiɗaɗɗiya, mai faɗi, mai 'yan ƙusoshi a kai. Kada wani ya ce maka ta 'yan koyo ce. Sam Hill, ɗan ƙasar Ostireliya, da shimfiɗaɗɗiyar feda ya ci gasar duniya ta gangarowa daga dutse a 2006 da 2007 da 2010, alhali mafi yawan abokan karawarsa sun maƙale ƙafafunsu.

Abin da ya sami keken Yaya

Ɗaya daga cikinmu, lokacin yana aji huɗu, ya tara kuɗin tara har ya sayi sababbin fedoji, da nufin ya burge yayansa wanda ke ara masa keke. Ta dama ta fita lafiya, sabuwa ta shiga lafiya. Da ya zo ta hagu, sai ta ƙi motsi. Ya murɗa hagu kamar yadda ake kwance kowane noti, ta ƙi. Ya taka sifana da ƙafa, ta ƙi. Ya samo guntun bututu ya zura wa sifanar don ƙarin tsawo, ya danna iya ƙarfinsa, sai ya ji ta saki. Murna ta kama shi, har sai da ya ga wani garin ƙarfe fari yana zuba. Ashe duk wahalar nan ƙara ɗaure ta yake yi, har zaren ya cinye. Da yamma Yaya ya dawo, ya duƙa ya leƙa ramin, ya ɗago ya ce, "Wa yac ce ka taɓa mani keke?" Sati uku aka yi ana zuwa makaranta a ƙasa.

Zare shi ne tsagar nan da ke kewaye bakin ƙusa da cikin noti. Kusan duk abin da kuka sani mai zare, daga murfin gorar ruwa zuwa notin taya, dama ake murɗa shi ya ɗaure, hagu ya kwance. Fedar dama ma haka take. Fedar hagu kuwa a juye aka yanka zarenta: hagu take ɗaurewa, dama take kwancewa.

In kana gudun rikicewa, manta da dama da hagu, ka riƙe wannan. Sa sifana a wuyan feda, wutsiyarta na kallon sama. Ka tura ta wajen tayar gaba, ɗaurewa ce. Ka jawo ta wajen tayar baya, kwancewa ce. Ko a wane gefe ka tsaya, dokar ɗaya ce.

Me ya kawo wannan juyi? Ku gwada wani abu yanzu a aji. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ka zura biro a ciki sako-sako. Kama wutsiyar biron a hankali da ɗaya hannun, ka riƙa zagayawa da ita, jikin biron na gugar cikin zoben. Za ka ga biron da kansa yana mirginawa, kuma ba ta inda kake zagayawa ba, ta kishiyarta. Haka bakin feda ke yi a cikin raminsa duk lokacin da ka taka, sau dubbai tsakanin gida da makaranta. A gefen dama wannan mirginawa ɗaure feda take yi. A gefen hagu, da zaren irin na kullum ne, da kwance ta za ta riƙa yi har ta faɗi. Shi ya sa aka juya shi. Akan danganta wannan dabara ga wa da ƙanen nan na Amurka, Wilbur da Orville Wright, wajen shekarar 1900. In sunan ya yi muku kama da wanda kuka sani, su ne dai waɗanda suka tashi jirgin sama ran 17 ga Disamba, 1903. Kafin jirgi, shagon gyaran keke gare su a garin Dayton. Ku tuna da wannan in kun wuce ta gaban mai facin unguwarku.

Kafin ka miƙa kuɗi

Fedoji biyun kamar tagwaye suke, amma kowace da gefenta. Duba ƙarshen sandar tsakiya, wato aksul, ko wuyan da sifana ke kamawa. Za ka ga R a ta dama, L a ta hagu. Tsofaffin kekunan Faransa D da G suke ɗauke da su, kuma an yi dace, D ɗin ta dama ce. In harafin ya goge, tsayar da fedar, bakin zaren na kallon sama, ka ƙura wa tsagar ido: wadda ke hawa wajen dama ta dama ce, wadda ke hawa wajen hagu ta hagu ce.

Sai kauri. Yawancin kekunan manya, har da masu giya, bakin fedarsu inci 9/16 ne, wato milimita 14 da ɗan ɗoriya. Wasu kekunan yara, waɗanda hannuwan fedarsu biyu ƙarfe ɗaya ne aka lanƙwasa, rabin inci suke ci, milimita 12.7. Wannan bambanci ido na iya gani. Wanda ido ba ya gani shi ne na tsofaffin kekunan Faransa, masu milimita 14 cif. Ramin ya ɗan fi ƙanƙanta, feda ta kullum za ta fara shiga kamar gaske, sai ta cije. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi kasuwa da tsohuwar fedar a aljihu, ko ka tura keken gaba ɗaya a gwada a gabanka.

Kuma a rumfar ka juya ta da yatsa. In ta yi gurzo tun tana sabuwa, ajiye ta. In tana da 'yan madubban nan ruwan lemo masu ƙyalli da dare, ta fi mana wadda ba ta da su, ko da ta fi tsada kaɗan. Duk wanda ya san titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal ya nufi Jega, ya san yadda manyan motoci ke gudu bayan magariba. Haske biyu masu hawa da sauka ne ke gaya wa direba cewa mutum ne a gabansa bisa keke.

Yatsu kafin sifana

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 15, siririya don wurin matsattse ne, da ɗan giris, da tsumma. Wasu fedojin zamani ba su da wuyan sifana, sai rami mai kusurwa shida a ƙarshen aksul, wanda ake kamawa ta baya da alanki mai lamba 6 ko 8.

Fara da mayar da sarƙa kan babban farantin gaba. Ba don komai ba sai don ta rufe haƙoransa. Feda mai taurin kai takan saki farat ɗaya, hannu kuwa wurin haƙoran nan yake nufa. In tsohuwar ta yi tsatsa ta ƙi fita, ɗiga mata kananzir ta gaba da ta baya, ka bar ta ta kwana. Kafin ka ƙara ƙarfi, sake tambayar kanka ko wajen tayar baya kake ja.

In ta fita, goge ramin tas. Ramin yana bakin dogon ƙarfen nan da feda ke ɗaure a jikinsa, wanda za mu kira hannun feda. A tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix baƙin ƙarfe ne, yana da haƙuri. A yawancin masu giya kuwa alminiyam ne, mara nauyi, mai laushi, alhali aksul ɗin feda ƙarfe ne mai tauri. In suka yi faɗa, alminiyam ne ke shan kashi, kuma shi ne mai tsadar. Sa'an nan in aka haɗa su ba giris, damina ɗaya ta isa ta liƙe su kamar an yi musu walda. Don haka shafa giris a zaren, kaɗan ya isa.

Ga wurin da aikin yake. Ajiye sifana a ƙasa. Saita fedar ta miƙe sosai, ka murɗa aksul da yatsunka kaɗai. In daidai ta hau, za ta shiga sumul, zagaye uku, huɗu, biyar, ba gardama. In ta cije tun a zagayen farko ko na biyu, tsaya. Ko dai ka ɗauko ta ɗaya gefen, ko ta hau a karkace, ko kaurin ba ɗaya ba ne. Fito da ita ka sake dubawa. Yatsa ba shi da ƙarfin da zai ɓata zare, sifana kuwa tana da shi, kuma ba ta jin abin da yatsa ke ji. A ganinmu duk mai gyaran da ya fara da sifana tun daga zagayen farko, ka karɓi kekenka ka yi gaba.

Sai ta shige har wuya sa'an nan za ka ɗauki sifana. To, wane irin ƙarfi za a sa? Masu ƙera kayan keke sukan ce kimanin Nm 35 zuwa 40. 'Yan ajin kimiyya sun san lissafin: ƙarfin juyi shi ne ƙarfin da ka danna sau tsawon hannun da ka danna da shi. Jarkar ruwa mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, wato wajen N 200. In ka rataya ta a wutsiyar sifana mai tsawon santimita 20, ka sami 200 sau 0.2, wato 40. Saboda haka danna kamar nauyin jarka guda cike da ruwa. Ba a buƙatar hawa kan sifana da ƙafa, ba a buƙatar bututu.

Abin da ke cikin cikinta

Feda tana juyawa ne a kan 'ya'yan boris, jeri biyu, ɗaya ta wajen hannun feda, ɗaya ta ƙarshen waje. Abokan gabansu biyu ne, kuma duka muna da su a wadace: ƙurar hunturu da ruwan damina. Ƙura in ta shiga ta gauraya da giris sai ta zama kamar yashin goge tukunya. Ruwa kuwa, musamman ga masu ratsa fadama da kwazazzabai, wanke giris ɗin yake yi ya bar tsatsa. Zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40, shi kuma ya tsinka ragowar ya tsiyaye.

Kada ku ɗauka wannan maganar ƙara ce kawai. Boris in ya bushe ya cije, fedar takan kama aksul ta juya shi, kuma ta hanyar kwancewa take juya shi. Feda da yawa da suka faɗi a hanya ba sakacin mai ɗaurawa ba ne, ƙishirwar giris ce.

Gwajin minti ɗaya ne. Kaɗa fedar da yatsa ka saurara. Sa'an nan ka kama ta ka girgiza sama da ƙasa. In tana gurzo, ko tana ƙwas-ƙwas a kan sandarta, lokacin buɗewa ya yi.

Cire ta daga keke, ka zauna a kan tabarma ko ka shimfiɗa buhu, ka ajiye faranti a ƙasan hannunka. Wanda ya buɗe feda a kan rairayi ya yi sallama da boris ɗinsa. Ɓamɓare murfin da ke ƙarshen waje. A ciki za ka ga ƙaramin noti, bayansa washa, bayanta wani noti mai tsinin baki wanda 'ya'yan boris ke gudu a kansa. Kwance su ɗaya bayan ɗaya, ka jera su yadda suka fito. Zare aksul a hankali, 'ya'yan za su zubo. Ƙirga na kowane gefe daban ka rubuta a bayan littafi, don ba kullum yawansu ke zuwa ɗaya ba. Wanke komai da kananzir, ban da fetur, don fetur tartsatsi ɗaya yake jira. Bari su bushe. Duk ƙwayar da ta yi tsatsa ko ta fashe a sauya ta, gara ma a sauya jerin gaba ɗaya, ka kai samfur don a ba ka daidai girmansu.

Cika gurbin da giris, ka dasa 'ya'yan a ciki ɗaya-ɗaya, giris ɗin zai riƙe su. Baƙin mai na inji ba ya maye gurbinsa, kwana biyu zai tsiyaye ya bar ƙura. Mayar da aksul, ka murɗa mai tsinin bakin da yatsa har ya taɓa boris, ka ɗan sassauta shi kaɗan, ka sa washa, ka ɗaure notin ƙarshe. Abin da ake nema shi ne ta juya ba gurzo, kuma ba rawa. Da wuya a dace a karon farko. Mu kan sake sau uku ko huɗu, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Sau biyu a shekara ya wadatar, bayan ɗaukewar ruwa da kuma bayan hunturu.

Ba kowace ce ke buɗuwa ba. Masu arahar nan na roba, wasunsu an dakushe ƙarshen aksul ɗin ne maimakon a sa noti, sai dai a ɗura musu mai ta gefe har ranar da za su gaji. Masu tsada kuma boris ɗinsu a rufe yake cikin gwangwaninsa, ba a wanke shi, sauya shi ake yi.

Wani lokaci kuma fedar ba ta da laifi. In ƙarar na zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, kama hannun fedar kansa ka girgiza. A tsofaffin kekuna, ƙusar nan mai noti da ke maƙale shi ita ce kan ci ta yi sako-sako.

Ƙusoshi da ƙwauri

'Yan ƙusoshin da ke kan shimfiɗaɗɗiyar feda su ne ke cizon ƙasan takalmi don kada ƙafa ta zame, ko da taɓo. A wasu fedojin da zare suke, in ɗaya ta faɗi ko ta dakushe ana iya sa wata. Amma yadda suke cizon takalmi haka suke cizon mutum. Ƙafa na kuɓucewa, feda ta zagayo ta sami ƙwauri, kuma wanda ya taɓa sha ba ya neman bayani. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba, irin kambas, shi ya fi dacewa da su. Mai hawa da silifa, ko mai ba ƙannensa aro, gara ya nemi feda mai gajerun haƙoran roba. Wajen takawa, ɗora ƙafa yadda sandar feda za ta zauna ɗan bayan tushen yatsu, ba a kan yatsun ba, in kuma za ka gangara ko ka shiga gargada, ka ɗan sauke diddige ƙasa. In an yanke, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take. Rauni mai zurfi da ƙasa ta shiga na asibiti ne, saboda cutar tetanos mai sandarar da jiki.

To wanda aikin gama ya riga ya gama masa fa, zaren ya cinye? In bakin ramin ne kaɗai ya ɓaci, gwanin mai gyara kan shigar da feda ta bayan hannun, a hankali, ta bi lafiyayyen zaren ta miƙar da wanda ya karkace. In ya cinye duka, abin da aka saba shi ne a garzaya wurin mai walda a liƙe ta. A hannun baƙin ƙarfe takan kama, sai dai wuta ta ƙone giris, ta narka roba, kuma ranar da wannan fedar ta mutu, da hannun za a binne ta. A hannun alminiyam kuwa waldar bakin titi ba ta kamawa sam, sai dai a sayi wani. In na hagu ne da sauƙi, don shi kaɗai ake cirewa. Na dama yakan zo haɗe da farantan sarƙa, kuɗinsa kuma daban ne.

Sabuwar feda takan ɗan zauna bayan tafiyar farko. In ka ɗaura ta ran Asabar, hau keken ka zaga gari, ran Lahadi da yamma ka sake sa mata sifana, wutsiya sama, ka tura wajen tayar gaba, dama da hagu. Kuma in jadawalin jarrabawa ya fito, kada ka bari sai daren takardar farko za ka buɗe boris. Yi shi saura mako guda, yadda ko ƙwaya ɗaya ta ɓace a rairayi akwai ranar kasuwa a tsakani.